Kangon Maƙwabci Da Cinikin Gida: Abin Da Ya Hau Kan Mai Sayarwa

 

Duk wanda ya ratsa lungunan tsofaffin unguwannin Daura, kamar Kusugu da Sarkin Yara da Ubandawaki, ba zai rasa ganin gidan bulo mai sabon fenti da ƙofar ƙarfe ba, alhali yana jingine da kangon ƙasa wanda soronsa ya rufta, azararsa ta zube, tumfafiya ta tsiro a tsakar gidansa. Galibi mai kangon ya rasu tun da daɗewa, 'ya'yansa sun watsu a Kano da Kaduna da Abuja, wasu sun haura Nijar, ba a raba gado ba, ba a kuma wakilta kowa ya kula da wurin ba. Shekaru suna wucewa, maƙwabta suna haƙuri da shi kamar yadda ake haƙuri da tsohon ciwo, har ranar da ɗayansu zai buƙaci sayar da gidansa. A ranar ce kangon yake zama magana.

A 'yan shekarun nan maganar ta ƙara zafi, domin ƙasa ta yi daraja a Daura. A shekarar 2019 aka buɗe asibitin sojan sama, aka kafa kwalejin fasaha ta tarayya, aka kuma aza harsashin jami'ar sufuri. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Daura. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka shigo suna neman muhalli, mutanen Mai'aduwa da Zango da Ɓaure da Sandamu masu hali suka so su mallaki gida a cikin gari. Mai saye na yau sau da yawa baƙo ne. Bai san tarihin lungun ba, bai san wanda ya mutu da wanda ya yi ƙaura ba, abin da idonsa ya gani da abin da dillali ya faɗa masa su ne iyakar iliminsa.

Shi ya sa tambayar take yawan zuwa wa malamai bayan salla: "Malam, ina so in sayar da gidana, amma duk wanda ya zo ya ga kangon da ke jikinsa sai ya karya farashi ko ya tafi bai dawo ba. Yaya zan yi?" Mai tambayar yana ganin kansa wanda aka zalunta, kuma sau da yawa gaskiyarsa ne. Sai dai ra'ayina, wanda zan kafa shi a kan maganganun malaman mazhabarmu ta Malikiyya, shi ne cewa wannan mutum yana tsaye tsakanin mutum biyu da ba su iya kare kansu daga gare shi: mai saye wanda bai san abin da ya sani ba, da mai kango wanda ba ya nan. Zaluncin da kango ya yi masa bai ba shi lasisin juye asararsa a kan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mu fara da mai saye, domin a nan ne ƙafa ta fi zamewa.

Wani zai ce, ai kango ba ɓoyayyen abu ba ne, ga shi a fili kowa yana gani, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wannan magana tana da rabonta na gaskiya. Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa aibin da mai saye ya gani da idonsa lokacin ciniki, ya kuma yarda ya saya a haka, ba shi da damar dawowa daga baya ya kafa hujja da shi. Amma abin da ake gani shi ne rushasshen gini. Abin da rushasshen ginin yake aikatawa kuwa, wannan sai wanda ya kwana a gidan shekara da shekaru ne ya san shi. Yawancin masu wayo a rani suke kai mai saye ya ga gida, lokacin da ƙasa ta bushe, bango ya yi fes. Mai saye ba zai ga yadda ruwan marka yake taruwa a cikin kangon a watan Agusta ba, saboda magudanarsa ta toshe, ya kwanta a gindin katanga kwana da kwanaki yana tsatsafowa cikin ɗaki. Ba zai ga tsohuwar shaddar da ta rufta kusa da rijiyar gidan ba. Ba zai san macizai nawa aka kashe a tsakar gida bara ba, ko sauron da ke hana yara barci, ko samarin da ke haurawa da dare su yi shaye-shayensu suna leƙen matan gida ta inda katanga ta gutsure. Ba zai san cewa magadan kangon suna iƙirarin kamu biyu na ɗakin baya ya shiga cikin filin ubansu ba. Mai sayarwa ya san duk wannan, watakila ma shi ne dalilin tashinsa.

Ga wanda ya shafe damshin bango da sabon fenti mako guda kafin zuwan mai saye, hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya ishe shi madubi. Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tsibin, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya ba da uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. A lura, mutumin bai jiƙa abincin da kansa ba, kamar yadda mai gidanmu bai rushe gidan maƙwabcinsa da kansa ba. Duk da haka ba a karɓi uzurinsa ba, aka tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, aka kuma sanar da shi cewa mai algus ba ya kan tafarkin Annabi. Laifin yana cikin ɓoyewar ne, ko da wani ne sanadin aibin.

Malamanmu ba su bar maganar a dunƙule ba. Shaihu Khalil a cikin Mukhtasar ya wajabta wa mai sayarwa, idan ya san aibi, ya bayyana cewa akwai shi, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kuma kada ya dunƙule maganar. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya rushe dabarar da ta yaɗu a tsakanin dillalai, inda ake cewa mai saye, "Ga gida nan, yadda ka gan shi haka ka saye shi, babu dawowa." Wani ma yakan ƙara da raha, wai tarin ƙasa yake sayarwa ba gida ba, don ya wanke kansa daga kowane aibi. Irin wannan lafazi ba ya sauke nauyin abin da mutum ya sani ya yi shiru a kansa.

Game da gidaje musamman, malaman Malikiyya sun kasa aibi gida uku. Akwai ɗan ƙarami wanda ba ya rage kuɗin gida, wannan ba a kula shi. Akwai matsakaici, kamar tsagewar bangon da ba a jin tsoron faɗuwar gidan saboda ita, wannan ba a warware ciniki dominsa, amma mai saye yana karɓar abin da aibin ya rage na ƙima. Akwai kuma babba, wanda da yawansu suka ƙaddara da sulusin kuɗin gidan, ko wanda ake tsoron rushewa saboda shi, ko wanda ya yanke wani amfani na gidan, wannan yana ba mai saye damar mayar da gida ya karɓi kuɗinsa. Abin da zai ba ɗalibi sha'awa shi ne misalan da masu sharhi suka kawo a wannan babi: rijiya mai ruwan zartsi a unguwar da rijiyoyinta ke da daɗi, da rashin makewayi, da yawan kuɗin cizo ko tururuwa, har da mugun maƙwabci. Ibnu Asim ma a cikin Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da shi, ya ambaci kuɗin cizo a cikin aibobin gida. To idan ƙwaron da bai kai ƙwayar gero biyu ba ya isa a ta da ciniki, ina ga ruwan da ke cin harsashin gida duk damina?

Ambaton mugun maƙwabci a cikin wannan jeri yana nuna cewa malamai ba su ɗauki gida a matsayin bango huɗu da rufi kaɗai ba. Abin da ke kewaye da shi yana cikin abin da ake saye.

Akwai masu tsoron Allah da ke jin nauyin yin wannan bayani saboda wani dalili daban, wato tsoron giba da tona asirin gidan mutane. Niyyarsu kyakkyawa ce, amma fahimtar tana buƙatar gyara. Imamu Nawawi a cikin Riyadus Salihin ya kawo wuraren da ambaton aibin mutum yake halatta, daga ciki akwai nasiha ga wanda ke shawarar ƙulla aure ko tarayya ko maƙwabtaka da wani. Sharaɗin shi ne a tsaya a kan gwargwadon buƙata. Ka ce ruwa yana kwanciya a nan, ana haurawa ta can, akwai jayayya a kan wannan iyaka. Amma labarin wanda ya cinye kuɗin hayar shagon marigayi, da matar da ta ƙi jituwa da kishiyarta har rabon gado ya gagara, wannan ba ya cikin abin da mai saye ya zo saye. Dillali shi ma ba a ɗauke masa alƙalami ba. La'adar da ya karɓa a kan cinikin da ya san an rufe aibinsa, ya tambayi kansa da wane suna zai kira ta. Sahabi Jarir ɗan Abdullahi ya yi wa Annabi (SAW) mubaya'a a kan salla da zakka da yin nasiha ga kowane Musulmi, kuma baƙon da ya zo daga Kazaure da kuɗin sallamarsa na aiki yana neman inda zai ajiye iyalinsa yana cikin wannan kowanen.

Ba zan ɓoye ba, gaskiyar tana da tsada. Wanda ya faɗi duk wannan zai iya rasa wani kaso na kuɗin da ya sa rai, a kan sakacin da ba nasa ba, alhali wataƙila bashi ne ya tilasta masa sayarwa, ko jinyar mahaifi, ko aurar da 'ya. Wannan asara ce ta haƙiƙa, kuma mai wa'azin da ya raina ta bai san rayuwar mutane ba. Sai dai asarar ta riga ta auku tun ranar da kangon ya fara cin katangarsa. Gidan ya riga ya ragu a ƙima. Abin da ya saura shi ne wa zai ɗauke ta: wanda ya sani, ko wanda aka rufe wa ido. Kuɗin da ya ƙaru saboda shiru kuɗin mai saye ne da aka karɓa ba da yardarsa ta gaskiya ba, alhali aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta rataya halaccin ciniki a kan yardar juna. Hadisin Hakim ɗan Hizam da ke cikin Bukhari da Muslim kuwa ya ɗaure albarkar ciniki da gaskiya da bayyanawa, ya ɗaure shafewarta da ƙarya da ɓoyewa.

To shin shari'a ta bar mai gida ya rungume hannu ke nan? A'a. Tana da hanya, kuma abin takaici shi ne mutane ƙalilan ne ke bin ta, su ma sai ciniki ya zo bakin ƙofa.

Tushen babin shi ne hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa mai hana cutarwa da rama cuta da cuta. A kansa malaman Ƙairawan da Tunis da Andalus suka gina hukunce-hukuncen gine-gine masu zurfi. A ƙarni na 8 na Hijira an yi wani magini a Tunis mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun katanga da magudanar ruwa, ya kuma tattara abin da ya sani a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. A cikin abin da aka ruwaito daga Imamu Sahnun, alƙalin Ƙairawan mai Mudawwana wanda ya rasu a shekara ta 240, akwai mas'alarmu da kanta: kango a tsakanin gidaje, ana zuba shara a cikinsa ba a san masu zubawa ba, har ta cutar da bangon maƙwabci. Hukuncin da aka ruwaito shi ne mai kangon zai kwashe abin da ya cutar da maƙwabcinsa. An kuma ruwaito cewa idan mai kangon ya juyo kan maƙwabta, ana ɗora musu kwasar, a fara da mafi kusa.

Wannan ruwaya ta biyu ta cancanci a tsaya a kanta. Bolar da ta cika kangon har ta kai rabin katanga, daga sama ta faɗo? Tokar murhun wa ce, ledojin wa ne, ruwan wankin wa aka karkatar ciki? Sau da yawa gidan da ya fi kowa kuka da kango shi ne ya fi kowa aika yara da kwandon shara cikinsa tsawon shekara goma. Mai irin wannan hali, kafin ya nemi magada, ya fara neman mai baro da shebur.

Shaihu Khalil ya kawo wasu hukunce-hukuncen da suka shafe mu kai tsaye. Ana tilasta wa mutum ya bar maƙwabcinsa ya shiga gidansa domin gyaran bango, don haka neman izinin shiga kango a yi wa katanga yaɓe ta baya haƙƙi ne da alƙali zai tabbatar. Ana hana hayaƙi da wari masu cutarwa. Ana sare abin da ya cutar da bango na bishiyar da ta tsiro bayan ginin. Bangon da ya karkata kuwa, idan an gargaɗi mai shi, ya kuma sami lokacin da zai iya gyarawa bai gyara ba, to abin da bangon ya halaka na rai ko dukiya yana wuyansa. Kalmar da ya kamata ɗalibi ya riƙe a nan ita ce gargaɗi. Gunaguni a majalisar ƙofar gida ba gargaɗi ba ne. Gargaɗi shi ne a isar wa magada da magana a gaban shaidu, a rubuce in da hali, ta hannun mai unguwa. In ba su amsa ba a tafi wurin dagaci da hakimi, in ta ƙi a kai kotun shari'ar Musulunci, wadda ke da ikon tsayawa a madadin wanda ba ya nan. Abin da ya shafi lafiyar jama'a kuma, akwai jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma da hukumar kare muhalli ta jiha. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Amma a san iyakar wannan haƙƙi. Malamai sun bambance cutar da ke taɓa gini ko lafiya ko sirrin gida da wadda ke taɓa riba kaɗai. Misalinsu sananne shi ne mai gidan burodi ba ya hana wani buɗe gidan burodi kusa da shi don kasuwarsa za ta ragu. A fahimtata, kangon da aka share, aka toshe ƙofarsa, ruwansa yana fita, ba ya cutar da kowa sai dai munin gani, ba za a tilasta wa mai shi ya gina bene don gidanka ya yi tsada ba. Talauci ba laifi ba ne, kuma ba kowane rushasshen gida ne shaidar sakaci ba. Wani shaidar rashi ne kawai.

Abin da bai halatta ba ko kaɗan shi ne mutum ya zama alƙalin kansa. Muna ganin masu kawo lebura da sassafe su baje ragowar ginin, su kwashe azara da tubali, su ce taimako suka yi. Muna ganin wanda katangar tsakani ta faɗi, da ya tashi mayar da ita da bulo sai ya matsa taki ɗaya ko biyu cikin kangon, tun da babu mai gani, sannan ya sayar da gidan da sabon awo. Ya cuci magada, ya kuma sayar wa baƙo rigima. Hadisin Sa'idu ɗan Zaidu da na Nana A'isha a cikin Bukhari da Muslim sun yi bayanin makomar wanda ya ci taki guda na ƙasa da zalunci, cewa za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Wasu suna fakewa da hauzi, wai sun shekara goma suna ɗaure awaki a wurin ba wanda ya yi magana. Hauzin da malamai suka faɗa yana da sharuɗɗa: mai haƙƙi ya kasance yana nan, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani abin da ya hana shi magana ba. Wanda ke Legas bai sani ba, da marayan da bai balaga ba, shirunsu ba yarda ba ce. Ko inda sharuɗɗan suka cika, abin da hauzi ke yi shi ne hana alƙali sauraron ƙara. Ba ya mayar da abin da mutum ya san ba nasa ba ne ya zama halal a wurin Allah.

Idan aka bi kangayen garin nan ɗaya bayan ɗaya, za a tarar mafi yawansu gado ne da aka ƙi rabawa. Mutanenmu suna jin kunyar ta da maganar, wai kada a ce suna ɗokin dukiyar mamaci, ko kuma ana cewa gidan gado ba a sayar da shi. Ana cikin wannan kunya sai magadan farko su mutu, nasu magadan su shigo, gida mai ɗaki shida ya zama na mutum arba'in, babu mai ikon gyarawa, babu mai ikon sayarwa. Abin da na kowa ne ya zama ba na kowa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan akwai ƙofar da mai son sayar da gidansa zai iya ƙwanƙwasawa, da yawa kuma ba su san da ita ba. Ba sai magada arba'in sun haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. A mazhabar Malik, idan ɗaya daga cikin masu tarayya ya nemi a raba, kuma kowa zai amfana da rabonsa, ana tilasta wa sauran. Idan abin ba ya rabuwa, kuma kason mutum zai faɗi in ya sayar da shi shi kaɗai, ana tilasta musu a sayar gaba ɗaya a raba kuɗin. Ke nan magaji guda ya isa ya buɗe maganar a gaban alƙali, kuma a cikin kowane irin wannan gida akwai wata gwauruwa ko wani ƙane mai ƙaramin ƙarfi da ya fi kowa buƙatar kasonsa, kunya ce kawai ta rufe masa baki. Maƙwabcin da ya nemo lambobin wayarsu, ya roƙi limami da mai unguwa su tara su, ya yi wa kansa aiki, ya kuma yi musu.

Sai dai a yi hattara idan akwai marayu. Ba a sayar da gidan maraya sai da dalilin da shari'a ta yarda da shi, kuma ta hannun wasiyyi ko alƙali. Khalil ya lissafa dalilan, daga ciki akwai tsoron rushewa alhali marayan ba shi da kuɗin gyara. Wannan dama an buɗe ta ne don maslahar maraya. Ba a buɗe ta don maƙwabci ya haɗa baki da dillali su tsorata uwar marayu da maganar hukuma za ta ƙwace, su saye wurin da arha, su haɗe shi da nasu su sayar wa mai kuɗi ninki uku ba. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta siffanta abin da masu cin dukiyar marayu ke zubawa a cikkunansu, kuma duk ɗalibin allo ya san ta. A Suratul Kahfi kuwa, wadda muke karantawa kowace Juma'a, bawan Allah Halliru ya tarar da bango yana shirin faɗuwa a garin da mutanensa suka ƙi ba shi abinci shi da Annabi Musa (AS), ya tayar da shi bai karɓi lada ba, daga baya ya bayyana cewa na wasu yara marayu biyu ne da ubansu ya kasance salihi. Wanda Allah ya hore wa buhun siminti biyar da kuɗin magini na kwana biyu, ya nemi izini ya toshe ɓarakar kangon marayu ya buɗe masa hanyar ruwa, sau da yawa zai tarar abin da ya kashe bai kai abin da mai saye zai rage masa ba. Idan yana son a mayar masa da kuɗinsa, ya yi da izinin magada ko na alƙali, a rubuta kafin a fara aiki.

Ɗalibai sukan tambaya ko wajibi ne a fara yi wa maƙwabci tayin gida. A wurin Malik da Shafi'i da Ahmad, shufu'a haƙƙin abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba, Abu Hanifa ne ya ba maƙwabci. Don haka ba wajibi ba ne a mazhabarmu, amma kyautatawa ce mai asali. Bukhari ya ruwaito cewa Abu Rafi'u ya sayar wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ɗakuna biyu da ke cikin gidan Sa'adun a kan dubu huɗu biya-sannu, alhali an taya su dinari ɗari biyar, saboda abin da ya ji daga Annabi (SAW) game da haƙƙin maƙwabci. Wani lokaci a cikin magadan kangon akwai wanda ya yi arziki a waje, yana son komawa unguwar ubansa, ƙanƙantar filin ce ta hana shi. Tayin da za ka yi masa zai iya warware matsalar gida biyu a zama ɗaya.

Wannan damuwa ba tamu ce mu kaɗai ba. Ƙididdigar gwamnatin Japan ta 2023 ta nuna gidaje kusan miliyan tara babu kowa a cikinsu. Tun 2015 dokarsu ta ba ƙananan hukumomi ikon gargaɗin masu gidajen da suka zama haɗari har zuwa rushe su, sannan daga Afrilun 2024 suka wajabta wa magada yin rajistar gidan da suka gada cikin shekara uku. Sun gano inda ciwon yake, wato gadon da aka bari babu sunan kowa a kansa. Mu da aka saukar mana da rabon gado dalla-dalla a cikin Alƙur'ani, bai kamata a riga mu zuwa nan ba. Masarautar Daura tana da abin da Japan ba ta da shi, wato masu unguwannin da suka san kowane gida da asalinsa. Da Majalisar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, za ta umarci kowane mai unguwa ya rubuta kangayen da ke unguwarsa da sunan wakili guda daga magadan kowanne, a riƙa tuntuɓarsu kafin faɗuwar damina, da an rage rigingimu da yawa, an kuma tsare rayukan yaran da ke wasa a gindin katangun da suka jiƙe.

Kafin a kai ga haka, mai sayar da gida yana da abin da ke hannunsa. Ya zaga da mai saye bayan gidan kamar yadda ya zaga da shi cikinsa. Ya bar shi ya zo da magininsa, ya kuma tambayi mutanen lungun ba tare da dillali yana tsaye a kansu ba. Kafin a karɓi kafin alƙalami, a rubuta a takardar ciniki, gaban mai unguwa da shaidu, abin da aka sani game da kangon: inda ruwa yake kwanciya, katangar tsakani ta wace ce, ko akwai jayayyar iyaka, da matakin da aka riga aka ɗauka a wurin magada ko a kotu. A miƙa wa mai saye kwafin takardar gargaɗin da aka aika musu, domin ya ci gaba daga inda aka tsaya.

Allah ne Mafi sani.